Sauya kii a tsakiyar waƙa ba tare da gargada ba: tambayoyi da amsoshi ga masu fiyano, jita da mawaƙa

Tambayoyin nan daga masu koyon kiɗa na Aboabo, Asawase da sauran zangunan Kumasi suke yawan fitowa, musamman waɗanda hannunsu ya faɗa a kii ɗaya amma yake rawa da zarar an ce a ɗaga waƙa. Yawancin misalan daga C meja suke tashi, domin farare zalla ne a kan fiyano. Kii shi ne jerin sautukan da waƙa ke tafiya a kai, kod kuma sautuka uku ko fiye da ake bugawa tare. Za mu riƙa kiran kod da lambarsa: a C, 1 shi ne C, 2 Dm, 3 Em, 4 F, 5 G, 6 Am. Kod mai ƙaramin m maina ne, marar shi meja ne, 7 a jikin kod kuma na nufin an ƙara masa sautinsa na bakwai. Daga maɓalli zuwa wanda ke manne da shi, fari ko baƙi, rabin taki ke nan, biyu kuma taki guda. Alamar # (shaf) tana ɗaga sauti da rabin taki, b (filat) tana sauke shi da rabin taki. Gaɓa ɗaya bugu huɗu ce, sai inda aka faɗi akasin haka.

Malam, idan na buga kod ɗin da ba na kii ɗin da nake ciki ba, na sauya kii ke nan?

A'a. Kii ya sauya ne ranar da kunnen mai sauraro ya daina jiran C a matsayin wurin hutawa, ya koma jiran wani sauti. Buga C, A7, Dm, G7, C. Akwai C# a cikin A7, kuma ba ɗan gida ba ne, amma aikinsa kawai ya miƙa ka ga Dm, daga nan G7 ya dawo da kai inda ka tashi. Haka C7 ɗin da masu jitar highlife ke sakawa kafin F: ado ne da turi, waƙar tana nan a C.

Gwajin mai sauƙi ne. Tsaya cak bayan kod huɗu ko biyar, ka rera sautin da ranka ya ce nan ne ƙarshe. In har C ya fito daga bakinka, ba ka je ko'ina ba.

To me ya sa nawa sauyin yake zuwa da gargada, alhali kod ɗin da na sauka a kai daidai ne?

Domin sauka kawai ka yi, ba ka shirya kunne ba. Sauyi mai santsi yana da aiki uku a jere. Da farko kod ɗin da tsohon kii da sabon kii duka suka yarda da shi. Sai kod na 5 na sabon kii, da sautinsa na bakwai a ciki; wannan kod ɗin ne ke shigo da baƙon sauti. Sannan sabon 1, a kan bugu na farko na gaɓa, a kuma sake tabbatar da shi.

Na tsakiyar nan shi ne ƙashin bayan aikin. A cikin D7, wato D, F#, A, C, akwai sautuka biyu da ba sa zama lafiya da juna: F# da C, taki uku cif tsakaninsu. F# yana son hawa zuwa G, C yana son sauka zuwa B. Da sun yi hakan, kunne ya amince G ne gida. Wanda ya tsallake D7 ya faɗa G kai tsaye bai sauya komai ba, domin G dama kod na 5 ne a C, mai sauraro zai ci gaba da jiran a koma C.

Kuskure na biyu da ke biye da wannan: a isa G lafiya, sai hannu ya koma tsohuwar al'ada ya taɓa F fari a gaɓa ta gaba. Shi ke nan an rushe ginin. A gaɓa huɗu na farko bayan sauyi, kada tsohon sautin da aka canza ya fito ko a bes ko a ado.

Yaya ake gano kod ɗin gada tsakanin kii biyu?

Rubuta kod shida na kowanne a layi biyu, ka ja layi ƙarƙashin waɗanda suka zo iri ɗaya. C yana da C, Dm, Em, F, G, Am. G yana da G, Am, Bm, C, D, Em. Huɗu sun haɗu: C, Em, G, Am. Kamar mai canza trotro ne a Kejetia, dole ya sauka a tashar da motocin biyu suke bi.

Amma huɗun ba darajarsu ɗaya ba. Wanda ya fi kyau shi ne wanda zai zama 2 ko 4 a sabon kii, domin su ne ke zuwa gaban 5 a bisa ɗabi'a. Am shi ne 6 a C, shi ne 2 a G. Ga gaɓa takwas:

C | F | G | C | Am | D7 | G | D7, sai G.

Dubi hannun dama. A kan Am riƙe A, C, E. Zuwa D7 yatsa ɗaya ne zai motsa, E ya hau F#, bes ya tashi daga A zuwa D. Zuwa G kuma C ya sauka B, F# ya hau G. In ka ga hannunka yana tsalle da faɗin sautuka biyar ko shida tsakanin kod da kod, juya jerin sautukan har ka sami inda yatsu suka fi kusa. Rabin santsin da ake ji a wurin gwanaye daga nan yake.

Zuwa F kuma gadar ita ce Dm, wanda yake 2 a C, 6 a F: C, Dm, Gm7, C7, F. A nan baƙon sautin Bb ne, kuma ya fara shigowa tun a Gm7. Kada a ɗauki G a matsayin gada zuwa kii G, ko C a matsayin gada zuwa F ba tare da Bb ba. A takarda sun halatta, a kunne ba sa cewa komai.

Wane kii ne kusa, wane ne nesa? Ai Db ne manne da C.

A kan fiyano manne yake, a kunne kuwa yana cikin mafi nisa. Ana auna kusanci da yawan sautukan da kii biyu suka yi tarayya a kai. Jera su ta hawa biyar-biyar: C, G, D, A, E, B, F#, sannan Db, Ab, Eb, Bb, F, a dawo C. Maƙwabta a wannan da'ira, kamar C da G ko C da F, sautuka 6 cikin 7 suka haɗa su, da kod 4. Masu tazara biyu, C da D ko C da Bb, sautuka 5 da kod 2: Em da G a wajen D, Dm da F a wajen Bb. Daga tazara uku, C da A ko C da Eb, sautuka 4 ne kuma babu kod ko ɗaya. C da Db sautuka 2 kacal, C da F.

Amshin ƙarshe nake so in ɗaga da taki guda, kamar yadda ake yi a wajen biki. Me zan buga?

Daga C zuwa D, hanya mai tsafta ita ce Em7, A7, D. Em shi ne 3 a C, 2 a D. Hannun dama: G, B, D a kan bes E, sai G, A, C# a kan bes A, sai F#, A, D a kan bes D. Babu yatsan da ya yi tafiyar da ta wuce taki guda.

Akwai gajeriyar hanya da masu fiyanon coci da na sitidiyo suka fi so. Amshi yakan ƙare a kan G kafin ya koma C. Bar hannun dama a kan G, B, D yadda yake, ka ɗaga bes kaɗai daga G zuwa A. Wannan kod, G a kan bes A, yana aikin 5 na D amma da taushi, domin babu C# a cikinsa tukuna. Ba shi bugu biyu, in kana so ka mayar da shi A7 a bugu biyun da suka rage, sai D. Ya fi dacewa da waƙa mai sanyi. A waƙar rawa mai zafi A7 tsantsa ya fi, don jama'a su ji an buɗe ƙofa.

Rabin taki fa, daga C zuwa Db?

Kod ɗaya ne ke yin aikin: Ab7, wato Ab, C, Eb, Gb. Sirrinsa C ɗin da ke ciki. Daga C, E, G, bar C a wurinsa, E ya sauka Eb, G ya sauka Gb, bes ya tafi Ab. Daga nan C ya hau Db, Gb ya sauka F. Mawaƙi na iya riƙe sautinsa na ƙarshe, C, a kan kod biyun, sannan ya zame sama da rabin taki ya tarar da sabon gida yana jiransa.

In amshin ya ƙare a G7 ne, tura hannu gaba ɗaya sama da rabin taki zuwa Ab7, bugu biyu-biyu. Ya fi na farko kaifi, kuma kowa zai ji shi.

Wata magana a gefe: ɗagawar nan sau ɗaya take da daɗi, sau biyu a iya haƙuri, sau uku ta zama alamar cewa waƙar ta ƙare tuntuni mai ita ya ƙi sauka. Kuma ba ta gyara amshin da ba shi da daɗi tun asali.

Idan babu kod ɗin da kii biyu suka haɗa, kamar C da Eb, sai a haƙura?

Akwai hanyoyi biyu, kuma sau da yawa tare ake amfani da su.

Ta farko aro ne daga C maina. Kunne ya saba jin Fm a cikin waƙar C meja, musamman dab da ƙarshe: F, Fm, C. To Fm ɗin nan shi ne 2 a Eb, shi ne 6 a Ab. Saboda haka C, F, Fm7, Bb7, Eb yana tafiya sumul, domin har zuwa Fm7 mai sauraro yana zaton C za a koma. Zuwa Ab kuma: C, Fm, Bbm7, Eb7, Ab.

Ta ɓangaren masu shaf, duba kod ɗin C da zai zama 4 maina a sabon kii. Dm haka yake a A: C, Dm, E7, A. Kunne yana jiran Am, sai ya sami A meja, wuri ya yi haske. Am haka yake a E: riƙe Am da hannun dama, bes ya sauka daga A zuwa F#, sai B7, sai E.

Hanya ta biyu ita ce riƙe sauti ɗaya. A bar murya, ko kakakin bature, ko yatsa ɗaya a kan fiyano, ya riƙe sautin da yake cikin kod na tsohon gida da na sabo, sauran kaya su yi shiru na bugu biyu ko huɗu, sannan a shigo da sabon kod a ƙarƙashinsa. G yana cikin C da Eb. E yana cikin C da A, da kuma C da E. C yana cikin C da Ab. Sharaɗin shi ne sautin ya kasance a sama inda za a ji shi, kuma kada ya yi rawa. In aka binne shi a tsakiyar kod, dabarar ta mutu.

Na ji ana cewa kod ɗin dim yana buɗe ƙofa huɗu. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Ɗauki B, D, F, Ab. Tsakanin kowane sauti da na gaba taki ɗaya da rabi ne, saboda haka ba shi da kai ba shi da gindi, kuma irinsa uku ne kawai a duk faɗin fiyano. Sauke kowane ɗaya daga cikin huɗun da rabin taki, sai ya zama kod na 5 na wani kii. Ab ya sauka G: G7, zuwa C. F ya sauka E: E7, zuwa A. D ya sauka Db: Db7, zuwa Gb. B ya sauka Bb: Bb7, zuwa Eb. Kowanne kuma yana iya sauka a meja ko maina.

A aikace: C, sai dim ɗin bugu biyu, sai Bb7 bugu biyu, sai Eb. Launinsa mai nauyi ne, irin na kiɗan fim da waƙar coci ta kwaya. A kan highlife mai sauƙin kod uku yakan yi kama da baƙo, don haka a gajarta shi, kada ya wuce bugu biyu.

Tsakanin meja da maina fa?

C da A maina sautukansu ɗaya ne, shi ya sa mutane ke zaton sun sauya alhali Am kawai suka buga. Abin da ke tabbatar da A maina shi ne G# na cikin E7: C, Dm, E7, Am. Komawa kuma Am, Dm, G7, C, inda G fari ke soke G#. Daga A maina zuwa A meja ba a bukatar gada, E7 na su biyun ne. Daga A maina zuwa D maina, mayar da Am ya zama A7. Zuwa E maina kuma Am, B7, Em.

Ni mawaƙiya ce, ba na kiɗa. Duk lokacin da aka ɗaga sai in shiga a tsohon kii, ko in faɗa tsakani. Laifina ne ko na mai fiyano?

Yawanci na ku biyu ne, 'yar'uwa, amma nasa ya fi yawa. Aikinsa ne ya sa sautin da za ki fara da shi a saman kod ɗinsa na ƙarshe, ko aƙalla sautin da ke manne da shi. In amshinki yana farawa da so, to a sauyi zuwa D sautin A ne ya kamata ya fi fitowa a saman A7. In ya cika gaɓar da gudun yatsu, ba abin da za ki kama.

Naki aikin kuma sol-fa zai sauƙaƙa shi, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, wanda makarantu da kwayoyin coci na Ghana suke aiki da shi har yau. Sauti ɗaya ne za ki sauya wa suna a zuci. Zuwa rabin taki sama, tsohon do ya zama ti. Zuwa taki guda sama, tsohon re ne sabon do, tsohon la kuma sabon so. Zuwa kii na 5, tsohon so ne sabon do. Zuwa Eb daga C, tsohon so ya zama mi. Ki rera gaɓar sauyin ita kaɗai, daga bugu huɗu kafin ta zuwa bugu huɗu bayanta, har ta zauna, sannan ki haɗa da sauran waƙar. 'Yan amshi ma haka, domin mutum ɗaya da ya makale a tsohon kii ya isa ya ja sauran.

Sai batun iyakar murya, wanda daga ƙarshe ake lissafa shi zuwa farko. A ce sautin da kike kaiwa ba tare da matsi ba D ne, kuma ƙololuwar amshin la ce. Kii ɗin da la ɗinsa D ne shi ne F. To F ne kii na ƙarshe, sai a fara waƙar a Eb a hau da Gm7, C7, F. Masu farawa a inda ya fi daɗi sannan su ɗaga su ne ke ƙarewa da ihu. A kuma tuna muryar da ta yi awa biyu tana waƙa a wajen suna ko aure ba ita ce ta lokacin gwaji ba, a bar mata rarar rabin taki.

A wane wuri a waƙa ya kamata a sa sauyin, kuma bugu nawa zai ci?

A gaɓar ƙarshe ta jimlar kiɗa, yadda sabon 1 zai faɗo a kan bugun farko na sabon baiti ko amshi. Ga kii na kusa gaɓa ɗaya ta isa, 2 bugu biyu, 5 bugu biyu. A saurin bugu 120 a minti, daƙiƙa 2 ke nan. Ga kii mai nisa a ba shi gaɓa biyu.

Kada a yi shi a tsakiyar ɗango. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kuma karin waƙa yana bin wannan hawa da sauka. In ƙasa ta motsa a tsakiyar magana, kalma na iya fita a karkace. A jira a numfasa, ko a yi shi a inda kiɗa ke tafiya shi kaɗai.

A highlife da duk kiɗan da ke tafiya kan dawuro, wato ƙararrawar ƙarfe da ake bugawa da sanda, zagayen ƙararrawar ba ya tsayawa don kowa. In sauyin zai bukaci ƙarin lokaci, a ƙara zagaye cikakke, ba bugu ɗaya ko uku ba, kuma a gaya wa mai ganga tun wajen gwaji don ya yi ɗan cike da zai sanar da masu rawa. Mai bes shi ne ya fi kowa bukatar sani. In fiyano ya tafi A7 bes yana kan G yana shirin komawa C, duk wanda ke wurin zai ji karon.

Muna da masu busa da mai jita. Akwai kii ɗin da ya kamata mu guje wa?

Akwai lissafin da ya kamata a yi. Kakakin bature na Bb da saksofon tena suna karanta taki guda sama da fiyano. Saksofon alto na Eb yana karanta sauti na shida sama. In ƙungiya ta hau daga C zuwa D, mai kakaki ya shiga E mai shaf 4, mai alto ya shiga B mai shaf 5. In kuwa Db aka hau, mai kakaki yana Eb mai filat 3, mai alto yana Bb mai filat 2. Wato abin da ya yi wa mai fiyano wuya shi ne ya yi musu sauƙi. Wannan ne dalilin da ya sa ƙungiyoyin da busa ke jagoranta, irin na zamanin E.T. Mensah a shekarun 1950, suke jin daɗin kii masu filat kamar F, Bb da Eb.

Mai jita akasin haka yake. C, G, D, A da E ne ke ba shi tsirkiya a sake, kuma salon tsinka da yatsu biyu irin na Koo Nimo ya dogara da waɗannan siffofi. Gare shi C zuwa D alheri ne, C zuwa Db wahala, sai dai in yana buga siffofin da yake datse dukan tsirkiyoyi da yatsa, waɗanda zai tura gaba da gida ɗaya. Matse wuyan jita da kafo a tsakiyar waƙa yana bukatar shiru na gaɓa ɗaya ko biyu. In ana son kowa ya sami sauƙi, F zuwa G ko Bb zuwa C sun fi raba wahalar daidai.

Waƙoƙinmu na Hausa da yawa sautuka biyar suke bi. Shin wannan duka ya shafe su?

Ya shafe su ta hanya mai ban sha'awa. Karin da ke kan do, re, mi, so, la ba shi da fa ba shi da ti, kuma su biyun nan ne ke bambanta kii da maƙwabcinsa. C, D, E, G, A suna cikin C, suna cikin G, suna cikin F. Saboda haka mai fiyano na iya maimaita ɗango ɗaya sau biyu, na farko a kan C, F, G, na biyu a kan Am, D7, G, mawaƙi bai canza ko sauti ɗaya ba amma launin ya juya. Iyakar dabarar ita ce sautin da mawaƙi yake hutawa a kai. In kullum a C yake ajiye ɗango, kunne zai bi shi, ba zai bi fiyano ba.

In akwai goge, kukuma ko gurmi a cikin kiɗan, a yi hattara. Ana ɗaure su ne daidai da muryar mai su, ba lallai su dace da A na fiyano mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ba, kuma tsirkiyar da ke riƙe gindin kiɗa ba ta matsawa. A fara daidaita fiyano da su, yawancin na'urori suna da wurin rage ko ƙara tsayin sauti kaɗan-kaɗan. Sauyi zuwa 4 ko 5 yana iya tafiya da su. Rabin taki sama kuwa sai dai su yi shiru a wannan sashe. Kalangu ba shi da wannan matsala sosai, tunda da matsi a hammata ake ɗaga muryarsa. Kuma waƙar da ƙarfinta yake cikin kalmomi da amshi mai maimaituwa sau da yawa ba ta bukatar sauyin kii ko kaɗan.

Fiyanona Yamaha ne, yana da maɓallin da ke ɗaga kii. Me zai hana in danna shi kawai?

Ba haramun ba ne, amma maɓallin ba ya shirya kunnen kowa. Ko za ka danna, sai ka buga kod na 5 na sabon kii. Yadda ake yi: a gaɓar ƙarshe ka ɗage hannu da ƙafa daga feda, ka danna sau ɗaya don rabin taki ko sau biyu don taki guda, sannan ka buga siffar G7 da ka saba. Abin da zai fito shi ne Ab7 ko A7. In ka danna alhali sauti yana riƙe, tsohon kii da sabo za su cakuɗe. Haɗari na biyu mantuwa ce: waƙa ta gaba ta fara, na'ura tana sama da taki guda, mai bes yana inda aka yi gwaji. Kuma ranar da aka miƙa maka fiyanon da ba ka san inda maɓallinsa yake ba, hannunka ne kaɗai zai fitar da kai.

A sitidiyo, da FL Studio ko Cubase, me ke lalacewa idan an sauya kii?

Abin da aka rubuta da MIDI, wato umarnin bugu ga na'ura ba sautin da aka ɗauka ba, ba shi da matsala, a zaɓe shi a ɗaga, ban da layin ganguna, domin ɗaga shi yana canza wace ganga ce ke bugawa. Abin da aka ɗauka da makirufo ko aka yanko shi ne ke ba da wahala. Rabin taki ƙarin kusan kashi 6 cikin 100 ne a saurin kaɗawar sauti, A mai 440 ya koma kusan 466. Jita ko fiyano suna jure taki guda. Murya tana fara canza kama da wuri, don haka a sake rera amshin a sabon kii maimakon a ja tsohon.

Auto-Tune kuma, mai gyara tsayin murya, dole a sauya masa kii a daidai gaɓar, in ba haka ba zai riƙa jan muryar zuwa sautukan tsohon kii. A gaɓar sauyin kanta, inda sautukan kii biyu suke haɗuwa, a sake masa dukan sautuka 12 ko a kashe shi. Bes na 808 da duk gangar da ke da sauti bayyananne su ma a ɗaga su. A duba jelar amsa-kuwwa: in dogon amo na kod ɗin C yana ci gaba a ƙarƙashin Db, sai a ji laka. A rage shi a bugu biyun ƙarshe.

Bayan an tafi, yaya ake dawowa?

Da soke sautin da ya kai ka. Ka je G da F#, ka dawo da F: G, G7, C. Ka je F da Bb, ka dawo da B: Dm, G7, C. Daga Eb, Fm ko Cm sai G7. Daga A, mayar da A ya zama Am ko A7, sai Dm, G7, C. Wanda aka ɗaga don amshin ƙarshe ba a dawowa daga gare shi, sauka da rabin taki yana sa waƙa ta yi kamar ta gaji.

Wane atisaye zan riƙa yi?

Sa na'urar ƙirga bugu a 60. Buga 2, 5, 1 a C: Dm7, G7, C. Mayar da C ɗin ya zama Cm7, wanda shi ne 2 na Bb, ka ci gaba F7, Bb. Mayar da Bb ya zama Bbm7, sai Eb7, Ab. Haka za ka yi ta sauka da taki guda har ka dawo C bayan kii 6. Sake farawa daga Db don sauran 6. Bes da hagu, sautuka uku da dama, kuma ka riƙa faɗin sabon do da baki kafin hannu ya kai gare shi.

Idan wannan ya zauna, ɗauki amshi ɗaya da ka sani sarai, ka kai shi G, F, D, Db da Eb daga C, kowanne da hanyarsa ta sama. Ɗauki kanka da waya, ka saurara washegari ba tare da fiyano a gabanka ba. Duk inda ka ji kafaɗarka ta motsa a wajen sauyin, koma ka duba abu biyu: ko bes ya yi tsalle zuwa sautin da ba a shirya ba, ko sautin saman hannun dama ya yi tafiyar da ta wuce taki guda.